Mu Kai Yara Yankari Tun Giwa Na Nan

Ranar da na gaya wa Hajiyarmu cewa zan kwashi jikokinta mu je daji mu kwana biyu, ajiye carbinta ta yi ta zuba mini ido. "Daji kuma? Me aka yi maka a gida?" Na ce Yankari ne, Hajiya, gandun dajin gwamnatin Bauchi, akwai ɗakunan kwana, akwai masu gadi. Ta ce ita dai a saninta daji wuri ne da ake kai mutum a nemi kuɗin fansa, ba ta taɓa jin wanda ya kai kansa da 'ya'yansa da ƙafarsa ba. Sai da ta yi mana addu'a ta tofa wa kowane yaro a ka kafin ta bar mu muka shiga mota.

Ban ga laifinta ba. Shekara goma sha da suka wuce, in ka ji sunan daji a rediyo to bayan sunan mugun labari ne ke biyowa. Rugu, Kamuku, Kuyambana, Sambisa. Yaron da aka haifa a 2012 bai san waɗannan sunaye da wani abu ba sai bindiga da babur. Bai san cewa Sambisa gandun namun daji ne tun asali ba, da masu gadinsa da baƙin da ke zuwa kallo. Bai san Kamuku da ke Birnin Gwari gandun daji ne na ƙasa da aka ware don dabbobi da itatuwa ba. Kalmar daji kanta an ƙwace ta daga bakinmu, an mayar da ita abin tsoratar da yara.

Ra'ayina shi ne, dajin da mutanen kirki suka daina shiga ba ya zama fanko, wani ne ke shige shi. Saboda haka ziyarar gandun daji irin Yankari, da iyali, da 'yan makaranta, da abokan aiki, a wurina ta wuce shaƙatawa. Hanya ce ta riƙe abin da yake namu. Kuma gwamnatocin jihohi da ke riƙe da waɗannan dazuzzuka suna da haƙƙin sauƙaƙa wa talaka zuwa, ba su tsaya ga baƙin Turawa da manyan ma'aikata masu taron bita ba.

Mun tashi daga Kano bayan sallar asuba a cikin watan Fabrairu, muka bi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi muka shiga Bauchi. Daga Bauchi hanyar Gombe ake kamawa, a Dindima a saki babban titi a yi kudu zuwa ƙauyen Mainamaji, inda ƙofar gandun take, a ƙaramar hukumar Alkaleri. Mutum zai ɗauka ya iso ke nan, alhali daga ƙofa zuwa sansanin Wikki akwai tafiyar kusan kilomita 40 a cikin dajin kansa. A wannan tafiyar ne hayaniyar yara ta mutu. Ba gida, ba gona, ba mai tallar ruwan leda, sai itatuwa hagu da dama har inda ido ya tsaya. Ɗana na biyu ya ce, "Baba, wa ya shuka su?" Na ce ba wanda ya shuka su, haka ƙasar nan take kafin gatari. Ya yi shiru. Yaro ne da ya tashi a unguwar da in ka ga inuwa to ta darbejiya ce ko ta katanga.

Washegari da sassafe, sanyin hunturu bai gama sakin mu ba, muka hau buɗaɗɗiyar motar zagayen daji tare da wani dattijo mai rakiya. Shi ya yi mana bayanin dalilin da ya sa rani ne lokacin zuwa. Da damina ciyawa ta fi mutum tsawo, kuma ruwa na ko'ina, dabba ba ta da dalilin fitowa. Da rani kuwa ciyawa ta kwanta, tafkuna sun ƙafe, komai girman dabba sai ta gangaro kogin Gaji da ya ratsa gandun ta sha ruwa. Don haka motar bakin kogi take bi. Mun ga gwambaza tsaye a cikin fadama, mun ga mazo ya gilma, mun ga garken ɓauna daga nesa sun ɗago kai gaba ɗaya suna kallonmu, mun ga kada kwance a bakin ruwa kamar gungumen da aka yar. Tsando ya cije ni a wuya ta cikin riga, dattijon ya ce shi ya sa ba a son baƙin kaya ko shuɗi a wurin, su ne ke jawo shi.

Giwa ba mu gan ta ba. Amma a wani wuri mai laushin ƙasa dattijon ya sa direba ya tsaya, ya duba gabas da yamma, sannan ya ce mu sauko a hankali. Sawu ne a cikin busasshen taɓo, zagaye kamar bakin turmi. Gefe ga kashinta, dunƙule-dunƙule kamar curin fura na mai yawa, cike da zaren ciyawa da ƙwallon 'ya'yan itace. Can gaba wata bishiya ce an karye ta daga tsakiya, ɓawon a ɗaye, ɗanyen farin jikinta a waje. Ya tsuguna ya fasa kashin da sanda, ya sa bayan hannu kusa da shi, ya ce, "Malam, jiya da dare suka wuce nan. Uwa ce da ɗanta, dubi ƙaramin sawun a cikin babban." Autata mai shekara shida ta cire takalmi ta sa ƙafafunta biyu a cikin sawun, duka suka shige da sauran wuri. Ta ɗago ta ce, "Baba, ashe da gaske akwai ta."

Wannan maganar ta tsaya mini a rai har yau. Yarinyar ta san giwa a tatsuniya, ta san ta a littafin makaranta, ta san ta a jikin kwalin sabulu. A ranta giwa da Dodo da Gizo duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Harshenmu cike yake da namun dawa. Muna ce wa jarumi zaki manyan dawa, muna ce wa mai girma toron giwa, muna cewa gwanki sha bara, ɓauna saniyar sake, giwa a garin wani zomo ce. Kakanninmu ba a littafi suka samo waɗannan ba, da idonsu suka ga dabbobin, suka san halin kowacce, sannan suka yi mata kirari. Mu mun gaji kirarin, dabbar ta ɓace mana. In aka tambayi ɗan sakandare a Kano ko Zariya bambancin gwanki da kanki, ko barewa da gada, da wuya a samu ɗaya cikin aji da zai amsa. Malamin Hausa na koyar da karin magana kamar yadda ake koyar da tarihin Fir'auna, abin da ya wuce ba a gani. Alhali daga Kano zuwa inda gwanki ke kiwo tafiyar yini ɗaya ce ba ta cika ba.

Wani zai ce ai akwai gidan zu. Akwai, kuma na san irin cikar da gidan zu na Audu Bako ke yi da sallah. Amma dabbar da ke cikin keji rabin dabba ce. Zakin da ke kwance a kan siminti yana jiran a jefo masa nama bai koya wa yaro komai game da dawa ba. A Yankari yaro yana ganin abin da ya haɗa ciyawa da ruwa da dabba da tsuntsu, yana ganin ƙwallon da giwa ta haɗiye a nan ta kayar a can ya zama bishiya. Yana koyon yin shiru, yana koyon jira, yana koyon cewa akwai wurin da shi baƙo ne kuma dole ya bi dokar masu gida.

Yankari ba ƙaramin abu ba ne da za a yi wasa da shi. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956 zamanin gwamnatin Jihar Arewa, aka buɗe wa jama'a a ranar 1 ga Disamba 1962. A 1991 gwamnatin tarayya ta karɓe shi ta mayar da shi gandun daji na ƙasa, a 2006 kuma ya koma hannun jihar Bauchi. Tsuntsayen da aka ƙirga a cikinsa sun haura iri 350. Zakunan da suka rage a Najeriya kaf, a wuri biyu ake maganarsu, Yankari da gandun Kainji, kuma 'yan ƙalilan ne. Giwayen Yankari na cikin garke mafi girma da ya rage a ƙasar, amma a dubi yadda suka ragu: wajen 2006 ana ƙiyasta kusan 350, bayan 'yan shekaru aka koma maganar 100 zuwa 150, saboda maharba masu neman haure. Raƙumin dawa da jimina da a da suke yawo a wurin tuni suka ƙare. Shi ya sa na ce tun giwa na nan. Ba wanda ya yi mana alkawarin jikokinmu za su tarar da ita.

Akwai kuma tarihin mutane a cikin dajin, wanda ni kaina ban zaci zai taɓa ni haka ba. Akwai koguna 59 da aka sassaƙa a jikin dutse, waɗanda ake kira kogunan Marshall, akwai rijiyoyin Dukkey sama da ɗari da aka haƙa aka haɗa su ta ƙarƙashin ƙasa, akwai kufan matoyar ƙarfe inda maƙeran da suka narka tama. Wanda ya tsaya a bakin waɗannan rijiyoyi ya san cewa ƙasar nan ta ga masu dabara tun kafin zuwan Bature. Malamin tarihi ko na kimiyya da zai kai ɗalibansa nan sau ɗaya ya rage wa kansa surutun zango guda.

Sai ruwan Wikki, wanda ƙungiyar ƙwallon ƙafar Bauchi ta ari sunansa. Ana sauka da matattakala zuwa cikin kwari, sai ga ruwa na ɓulɓulowa daga ƙarƙashin wani jan dutse, garai-garai, kana ganin farin yashin ƙasa da yatsun ƙafarka. Ɗuminsa digiri 31 ne dare da rana, rani da damina. Da sanyin safiya tururi ke tashi a kansa. Manyan itatuwa sun yi masa rumfa, birai na tsalle a sama. Yarana da ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce bokiti ba suka shiga wurin da bai da zurfi suka ƙi fitowa har yatsunsu suka yi yaushi. Mai ɗakina ta zauna a gefe da hijabinta ta tsoma ƙafa kawai, domin maza ne cike da ruwan. Wannan ya sa na yi tunani: duk wurin shaƙatawa da ke son iyalan Arewa su zo, to ya yi la'akari da matanmu. A ware musu sa'o'insu, a sa mata masu kula da su a lokacin. Abu ne da ba ya cin ko sisi, kuma zai ninka masu zuwa, domin magidanci ba ya kai iyalinsa inda rabinsu za su zauna kallo.

Na san abin da za a fara ce mini, kuma magana ce mai nauyi: mutumin da ke fafutukar kwanon masara ina shi ina yawon kallon ɓauna? Gaskiya ne. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana mai ƙaramin albashi motsi, mu ma man da muka sha ya fi komai tsada a tafiyar. Ban ce kowa ya ciyo bashi ya tafi ba. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, akwai dubban magidanta a Kano da Kaduna da Bauchi da Gombe da ke da halin zuwa, ba su taɓa kawo shi a ransu ba. Abin da ake kashewa a kamu da dina da anko na biki ɗaya ya kai iyali guda Yankari sau da yawa. Masu hali kuwa Dubai suke kai yara hutu, su biya dala a kai su cikin rairayi su hau raƙumi. Matsalar ba ta aljihu kaɗai ba ce, ta kai ce. Mun ɗauka shiga daji don kallo al'adar Nasara ce, mu namu shiga dajin sai don itace ko farauta ko kiwo.

Su kuma yaran talakawa, a nan ne gwamnati ke da aiki. Makarantar da yarana ke zuwa ta karɓi kuɗin yawon buɗe ido a hannunmu bara, aka zuba yara a bas aka kai su wani katafaren kanti, suka hau matattakala mai tafiya da kanta, suka sha askirim, aka dawo da su. Na yi magana a taron iyaye, aka ce mini nan ne yara ke so. Yaro ai abin da aka nuna masa yake so. Da ma'aikatun ilimi na jihohin da ke kewaye za su sa a tsarinsu cewa kowane ɗalibin ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare ya je gandun daji sau ɗaya kafin ya fita, a ɗauke wa makarantun gwamnati kuɗin shiga, a ba su motoci a tsakiyar mako lokacin da ɗakuna ke zaune ba kowa, da a cikin shekara goma mun samu tsara guda da ta san abin da ake nufi da daji. Daga cikinsu ne za a samu malaman daji da likitocin dabbobi da 'yan majalisar da ba za su sa hannu a yanka gandu a raba filaye ba.

Akwai masu ganin abin kamar ɓata lokaci ne da bai dace da mai addini ba. Ni ban fahimce shi haka ba. A Suratul Ankabut an umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda Allah Ya fara halitta, a Suratul Gashiya an ce mu dubi raƙumi yadda aka halicce shi. Keɓe wani yanki a hana taɓa shi don amfanin jama'a ma ba baƙon abu ba ne a Musulunci, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Mu ma a ƙasar Hausa mun san hurumi, mun san burtali, mun san kurmin da sarki ke hana sara. Sallar magariba da na yi a sansanin Wikki, ba ƙarar janareton maƙwabta, ba hon, sai kukan tsuntsaye masu komawa sheƙa, na jima ban yi salla da natsuwa irinta ba.

Maganar tsaro ita ce babba, kuma ba zan rufe ta da kwano ba. Ko a ƙaramar hukumar Alkaleri an sha jin labarin hare-haren 'yan bindiga a ƙauyukan gefen daji. Duk mai niyyar zuwa ya tambayi halin da ake ciki a makon da zai tafi, ya yi tafiyarsa da rana, kada ya saki hanya ba mai rakiya. Akwai dazuzzukan da a yau ba zan ce wa kowa ya je ba, ko da kyauta ne. Amma a lura da yadda abin ke faruwa. Ba rana ɗaya ɓarayi ke mamaye daji ba. Da farko hanyar ciki ce ke lalacewa ba a gyara ba. Sai baƙi su ragu. Sai kuɗin shiga ya ragu, albashin masu gadi ya riƙa makara, motar sintiri ta mutu a bar ta a kan duwatsu. Sai masu gadi su koma zaman ƙofa. Daga nan masu gawayi da masu yankan madobiya su shiga, garken shanu su biyo, maharba su samu sake. Wanda ke zuwa a ƙarshe shi ne mai bindigar da ba dabba yake nema ba, ya tarar da wuri ba ido ba kunne. Kowace mota cike da 'yan makaranta da ta shiga gandu dalili ce ta gyara hanya, dalili ce ta biyan mai gadi, kuma ido ne. Gwamna ba ya iya kau da kai daga dajin da 'ya'yan masu zaɓensa ke kwana a ciki.

An ga shaidar cewa kula tana aiki. A 2014 gwamnatin Bauchi ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare namun daji ta WCS don tafiyar da sintirin masu gadi a Yankari. Aka horar da su, aka riƙa biyan su alawus na kwanan daji, aka sa wa wasu giwaye abin wuya mai nuna inda suke ta tauraron ɗan Adam. Bayan 2015 aka yi shekaru ba a tsinci gawar giwar da maharba suka kashe ba. Ba sihiri aka yi ba, mutane ne aka ba kayan aiki aka biya su haƙƙinsu suka shiga daji da ƙafa. Waɗannan masu gadi suna kwana a ƙasa, suna arangama da maharba masu bindiga, wasunsu sun rasa rayukansu a bakin aiki. In ka je, ka gaishe su da girmamawa, ka sallami mai rakiyarka da abin kirki.

Sai dai akwai waɗanda in an manta da su duk wannan magana ta rushe, su ne mutanen ƙauyukan da ke zagaye da gandun. Giwar da 'yata ta yi murnar ganin sawunta, ita ce ke fita da dare ta shiga gonar wani ta cinye dawar da zai ciyar da iyalinsa shekara. Manomin da ya wayi gari ya ga gonarsa kamar an yi sussuka a cikinta, ba ya ganin giwa da idon da nake ganinta. An hana shi farauta, an hana shi itace, an hana shi kiwo a dajin da kakanninsa suka sani, sannan yana tsaye a bakin titi motocin baƙi na wucewa suna bar masa ƙura. Kura na shan bugu gardi na karɓar kuɗi ke nan. Muddin haka abin yake, shi ne zai nuna wa maharbi hanya, kuma ba za a ce ya yi rashin hankali ba. Dole wani kaso sananne na kuɗin ƙofa ya riƙa komawa waɗannan ƙauyuka a fili, kowa ya gani, a rijiyar burtsatse ko aji ko ɗakin shan magani. Dole a biya diyyar gonar da giwa ta ci ba tare da manomi ya yi shekara yana sintiri a sakatariya ba. A ɗauki 'ya'yansu aikin gadi da rakiya, domin ba wanda ya san dajin kamarsu. Mu masu zuwa kuma mu tsaya a Mainamaji da Dindima mu sayi zuma da gyaɗa da tabarma, kada mu cika but da kayan kanti daga birni mu wuce su.

Maƙwabtanmu na Nijar sun gwada wannan a Kure, gabas da Yamai, inda raƙuman dawa na ƙarshe na irin Afirka ta Yamma suke. A tsakiyar shekarun 1990 ba su kai 50 cikakku ba. Aka haɗa kai da mutanen ƙauyukan, aka sa 'ya'yansu rakiyar baƙi, aka taimaka musu da rijiyoyi da ƙananan basussuka, raƙuman suka hayayyafa har suka haura 600, suna kiwo a gefen gonakin gero. Harin da aka kai wurin a watan Agustan 2020, wanda ya ci rayukan mutum 8, ya kori baƙin waje, masu rakiya suka zauna ba aiki. Darasin da na ɗauka a nan shi ne, gandun da ya dogara da baƙin Turai kaɗai, rana ɗaya ofishin jakadanci zai fitar da gargaɗi ya mutu. Wanda 'yan ƙasa ke zuwa shi ne ke jure girgiza.

Mu mutanen Kano ma muna da namu a bayan ɗaki. Dajin Falgore yana kan hanyar Jos, ya ratsa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, kogin Kano na bi ta cikinsa. Yawancinmu mun san shi ne a matsayin wurin da direba ke taka mota don ya wuce kafin duhu. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta sanar da amincewa da sabbin gandayen daji na ƙasa guda 10, har da Falgore, da Kogo a Katsina, da fadamar Haɗeja. Sauya suna a takarda ba ya dawo da dabba, ba ya kawo baƙo. Abin da nake so in gani a Falgore ƙarami ne: yanki guda kusa da titi, mai tsaro, da hanyar ƙafa, da rumfa, da masallaci, da banɗaki mai tsafta, da malamin daji da zai nuna wa yara wannan kirya ce, wannan maje, wannan kawo, wannan marke, ga amfanin kowacce. Ko ba a ga zaki ba, yaron Fagge ko Kurna da ya yi yini guda a ƙarƙashin waɗannan itatuwa ya ƙaru.

Mu ma masu ziyara akwai gyara a wurinmu. A bakin ruwan Wikki na ga wasu samari sun zo da lasifika sun ƙure kiɗa, na ga ledar biskit da robar lemo a gindin bishiyar da ta girmi kakan wanda ya yar da su. Gwaggon biri ya cika sansanin, gadu na yawo tsakanin ɗakuna yana durƙusawa a gwiwa yana cin ciyawa, kuma birran sun koyi fizge leda daga hannun mutum saboda baƙi ne suka saba musu da jefa abinci. A gabana wani ƙato ya sure ledar burodi daga hannun wata baiwar Allah ya haye rufi. Ba laifin biri ba ne. Wanda ya je gandu ya rufe ƙofarsa, ya riƙe shararsa har ya samu kwando, ya bar sabulu a ɗaki in zai shiga ruwan, ya rage murya. Na sa yarana kowa ya tsinci leda goma kafin mu hau sama, samarin nan suna kallo, biyu daga cikinsu suka tashi suka taya mu.

Da muka dawo Kano muka wuce gidan Hajiya kai tsaye don hankalinta ya kwanta. Auta ta faɗa jikinta tana ba ta labari ba numfashi, ta zana mata girman sawun a ƙasa da yatsa. Hajiya ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce lokacin tana yarinya a ƙauyensu, kura har bakin danga take zuwa da dare, kuma mahaifinta ya taɓa nuna mata garken gwanki a hanyar kasuwa. Shekara arba'in ina tare da ita ban taɓa jin wannan labari ba sai ran nan. Ta juyo ta ce mini, "In za ku koma baɗi, a tambaya mini ko motar tasu tana da wurin da tsohuwa za ta iya hawa."